Ranar da Na Turara Surukata a Erdington

Ko da zan manta komai na zamanmu a unguwar Erdington ta birnin Birmingham, can ƙasar Turawa, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na turara surukata da hayaƙi ba. Shekaru sun ja, an yafe min tuntuni, amma har yau idan na ji ƙaurin ɗanyen itace sai kunnuwana su ɗau zafi.

Lokacin nan ne gwamnatin ƙasar ta shiga tsuke bakin aljihu. Ina aiki a council, wato ƙaramar hukuma, sashen duba gine-gine da suke ce wa building control (e, ka ji daidai: aikina shi ne in shiga gidajen mutane da fayil a hammata in gaya musu iska ba ta zagayawa yadda ya kamata). Aka sallami kusan rabin ofishinmu, mu da muka tsira aka mayar da mu kwana uku a mako. Dole muka bar flat ɗinmu mai ɗumi muka koma wani tsohon gida na jan bulo a bayan babban titin unguwar, irin gidajen nan da ke manne da juna, wanda sanyin cikinsa ya fi na waje. Gas ɗin ɗumama gida kuwa awa ɗaya muke kunnawa da safe, awa ɗaya da yamma, sauran lokacin kowa ya nemi bargo.

A haka matata Safiya ta shiga watan haihuwarta, haihuwar fari. Mahaifiyarta, Hajiya, ta taso daga Kano ta sauka a Manchester wajen babban ɗanta Yaya Nuhu, likita, mai gida a wajajen Cheetham Hill wanda ko a watan Janairu da singileti ake yawo a cikinsa. Ka san al'ada, haihuwar fari gida ake tafiya wanka. Kano ta yi nisa, don haka Hajiya ta yanke hukunci cewa gidan Yaya Nuhu shi ne gida. Da an haihu za a kwashe min mata da jariri a kai su can, sai an yi arba'in.

Ni kuwa ban so ba, kuma ba zan ɓoye ba. Ina so in ji kukan ɗana a ƙarƙashin rufina, in yi suna a gidana, in tara mutanena. Tunda ba ni da bakin yi wa Hajiya magana, sai na bi ta kan Yaya Nuhu da kiran waya har ya gaji da ni. Ranar nan ya kira ya ce, “Injiniya, na shawo maka kanta, amma da sharaɗi. Za ta zo ta ga gidan da idonta. In da ɗumi, ta zauna da ku ta yi wa Safiya wankan a nan. In babu, ta ce ba za ta bar mai jego a gidan sanyi ba.”

Na ce ai wannan mai sauƙi ne.

Dalilina shi ne akwai wani murhun ƙarfe a falonmu, baƙi, mai ƙofar gilashi, irin wanda ake zuba wa itace don ɗumama ɗaki. Hayaƙinsa ta wani bututu yake bi a cikin bango ya fita ta saman rufi, abin da suke ce wa chimney. Ranar da muka karɓi mukulli, mai gidan, wata tsohuwar Baturiya mai sanda, ta dafa murhun ta ce min tun rasuwar mijinta shekara uku ba a kunna shi ba, kada in kuskura in sa masa ashana sai na kira mai shara ya share bututun. Sau biyu ta faɗa. Na gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa tsofaffi.

To ni ɗan ƙauye ne, a gaban murhu na yi rarrafe. Kafin in san harafin A na san itacen da ke tartsatsi da wanda ke yin garwashi. A garinmu wa ya taɓa share wa hayaƙi hanya? Hayaƙi ai ya san sama. Duk da haka, don in fita haƙƙin tsohuwa, na buga wa wasu masu sharar waya. Matar da ta ɗauka ta ce sai bayan sati uku, wai kowa a watan Nuwamba yake tunawa da su. Na ce na gode, na ajiye waya, na yi dariya ni kaɗai: wato har layi ake bi a ƙasar nan don a share hayaƙi.

Safiya tana kwance a kan doguwar kujera da cikinta a gaba ta ce, “Injiniya, ka bari a share ɗin mana. Ko hita ce ka aro kafin nan.”

Na ce, “Hita? Hajiya ta taso tun daga Kano in nuna mata hita? Wutar itace za ta gani, irin ta gida.”

Gaskiyar magana, akwai wani abu da nake taƙama da shi a raina. A wajenmu miji ne ke tanadar itacen wanka, kuma tun mace na da ciki ake ganin jibginsa a ƙofar gida a san namiji ya shirya. Duk mazan da na sani a Birmingham da Manchester babu wanda ya taɓa yin wannan, sai dai su danna makunnin ruwan zafi. Ni na ƙudura zan zama na farko. Aka yi sa'a maƙwabcinmu na baya ya sare wata bishiya da ta dame shi, na roƙe shi gungumen, na sayo gatari na yini ina faskare. Na jera itacen a gefen murhu reras, na ɗau hoto. Nauyin itacen da sanyinsa a hannu ya kamata su gaya min wani abu, amma ni lokacin kyan jerin nake kallo.

Daga nan na shiga yaƙi da iska. Na bi tagogin falo da salatif na liƙe. Akwai wata 'yar kafa mai raga a ƙasan bango da iska ke shigowa ta ciki, na cusa mata tsumma. Na'urar nan ta silin mai ihu idan ta ji hayaƙi kuwa dama tuntuni na sa mata safa, saboda duk ranar da Safiya ta kunna turaren wuta sai ta tara mana unguwa (kada ka kalle ni haka, je ka duba silin ɗin Hausawan ƙasar nan ka gani). Da a gidan wani na tarar da abin da na yi wa gidana, da na cika shafi uku na rahoto har da jan biro.

Na yi gwaji, don kada a ce ban yi ba. Na ƙona shafin jarida ɗaya a ciki, hayaƙin ya tafi wani wuri, na ce shi ke nan. Ban gwada da itace ba don ba na son gilashin ya yi baƙi kafin Hajiya ta gani.

Ranar Laraba Allah ya sauki Safiya lafiya, aka samu 'ya mace. Ranar Juma'a aka sallame su. Asabar bayan azahar Yaya Nuhu ya kira ya ce sun sauko daga babbar hanya, minti goma sha biyar su iso. Na fasa katakon wata tsohuwar durowa na hura, wuta ta kama gwanin sha'awa, har da 'yar rawa a bayan gilashi. Ina jin tsayuwar mota na cika murhun taf da itacena, na rufe, na gyara hula.

Hajiya 'yar ƙaramar mace ce, ta shigo cikin farin mayafi da wata ƙatuwar rigar sanyi ta matar Yaya Nuhu. Kai tsaye ta haye sama ta ga 'yarta da jikarta. Shi kuma Yaya Nuhu ya koma ya matsar da mota, don layinmu ba a ajiyewa sai da takardar izini, kuma samun wuri ranar Asabar aiki ne. Bayan ɗan lokaci ta sauko, ta zauna a kujerar da na tanadar mata dab da murhu, ni kuma na shigo gaisuwa na ja ƙofar falo na rufe, kada ɗumi ya tsere.

A nan sai na yi wa wanda bai san mu ba bayani. Shekara biyu da aurena ban taɓa kallon fuskar Hajiya ba. Da za a jera min mata goma, da ƙafa zan gane ta. Idan na zo gaishe ta, can bakin ƙofa nake durƙusawa, ido a ƙasa, kuma ba na tashi sai ta sallame ni. Ita ma ba ta yi min doguwar magana kai tsaye, in da saƙo sai ta ba wani ya ba ni ko da ina wurin.

Na durƙusa na ce, “Hajiya barka da hanya. An zo lafiya?”

“Lafiya lau. Ashe an samu ƙaruwa. Allah ya raya, ya yi mata albarka.”

Daga nan ta ɗaga hannu ta kama addu'a. Hajiya kuwa idan ta kama addu'a ba ta barin kowa a baya. Ta fara da jaririya, ta wuce kan uwar, ta zo kaina, ta shiga iyayena, ta gangara kakanni. Ni ina ta amin, ina kallon zanen kafet.

Wani abu da na koya a makaranta na kuma koyar da wasu shi ne hayaƙi daga sama yake fara cika ɗaki. Wanda ke durƙushe da kai a ƙasa shi ne na ƙarshen sani. Don haka da na ji muryar Hajiya ta fara rawa a kan kakanni, sai na ɗauka tuna mamata ne ya taɓa mata zuciya. Ta yi tari, ta ja hanci. Na saci kallo iyakar gwiwarta na ga gefen mayafi ya tafi sama wajen ido ya dawo. Wallahi sai da na ji tausayi ya kama ni, na ce Allah sarki, baiwar Allah ta ga jika a ƙasar Turawa. Na ƙara wa amin ɗina ƙarfi.

Sai nawa idon ya fara yaji.

Na ɗan karkata kai na hango murhu. Babu wuta ko kaɗan. Gilashin da na yi ta tattali ya zama ruwan ƙasa, hayaƙi fari mai kauri yana tsiyayowa ta gefen ƙofar da ta ƙasanta, yana hawa bango a nutse. Ƙwan fitilar silin ya koma ɗan ja-ja, da ƙyar ake ganinsa. Hajiya daga kafaɗa zuwa sama tana cikin abin, hannuwanta a ɗage, ba ta fasa ba.

Yanzu ka ce me ya hana ni tashi. Na sha yi wa kaina wannan tambayar. Ta yaya zan miƙe tsaye a kan surukata tana tsakiyar yi wa kakana addu'a, in tsallake ƙafafunta in juya mata baya? Ita kuma ta yaya za ta katse addu'a ta ce wa mijin 'yarta gidansa na hayaƙi, ranar farko da ta taka shi? Kowa ya riƙe mutuncinsa. Abin da na yi shi ne lissafi: ta kai kan shugabannin Najeriya, saura al'ummar Musulmi baki ɗaya, sai Fatiha. Na ce in Allah ya yarda za mu kai.

Ba mu kai ba. Ƙofa ta buɗe, na ji muryar Yaya Nuhu: “Innalillahi! Gobara ce? Umma! Ku kuna zaune?”

Sai a lokacin na zabura, kuma cikin duk abin da mutum zai iya yi na zaɓi mafi muni, na wangale ƙofar murhun. Hayaƙin da ke tsare a ciki ya yo waje gaba ɗaya ya rufe ni. Na laluba taga, na tarar da aikin hannuna, salatif ninki biyu. Ina ta kankara da farce ina tari, ina jin takun Yaya Nuhu a kan bene yana kiran sunan Safiya.

Minti biyu bayan haka ga mu a bakin titi ana yayyafi. Safiya, mai jegon kwana huɗu da na rantse iska ba za ta taɓa ba, tana tsaye da silifas a kan jiƙaƙƙen daɓe ta lulluɓa da bargo. Jaririya tana cikin rigar Yaya Nuhu. Maƙwabta sun firfito, labulaye suna motsi, wata mata a tsallake tana tambaya ko ta kira 'yan kwana-kwana.

Hajiya ce ta fito a ƙarshe. Ashe da muka watse ita tsayawa ta yi ta naɗe hannu da tawul, ta zare itacen ɗaya bayan ɗaya ta zuba a bokitin toka, ta ɗauko abinta. Ta dire shi a gaban kowa yana ta hayaƙi. Farin mayafin nan ya zama abin da ya zama, idanunta jawur. Ta ɗaga guntu ɗaya, bakinsa yana tsiyayar da ruwa yana kumfa. Tsakanina da ita bai fi taku biyu ba, amma ta juya wajen ɗanta.

“Nuhu, tambayar min Injiniya, yaushe aka sare bishiyar nan?”

Yaya Nuhu ya kalle ni. Na kalli takalminsa na ce, “Sati biyu ke nan.”

“Wai sati biyu, Umma.”

“To. Tambaye shi kuma, ta ina ya shirya hayaƙin zai fita?”

Yaya Nuhu ya miƙa wa Safiya yarinyar, ya koma ciki don ya buɗe ƙofar baya, sai ga na'urar silin ta fashe da ihu, a makare. Ya fito riƙe da safata da yatsu biyu, mai ratsin ja, wadda ta huje a dunduniya. Ya ɗaga ta yadda har matar tsallake sai da ta gani.

“Kai da kake building control?” in ji shi. Sai ya rage murya. “Ka san carbon monoxide, iskar nan mai kashe mutum yana barci, ko sai na yi maka lacca? Da dare ka kunna wannan kuka kwanta fa?”

Ya je ya dawo da motarsa ya duba yarinyar a ciki, ya ce lafiyarta ƙalau, Allah ya sa ƙofar ɗakin sama a rufe take. Sai a sannan tsoro ya kama ni. Kunyar daban, tsoron daban, kuma tsoron ya fi daɗewa a jikina.

Safiya ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, “Injiniya, sauko min da jakar nan mai ruwan toka, da kayan yarinya.” Kafin la'asar motar ta bar layin.

A Manchester aka yi suna. Na hau bas na je kamar kowane ɗan gayyata, na samu gefen kafet a falon Yaya Nuhu na zauna. Wani dattijo da ban sani ba, muna cin waina a faranti ɗaya, ya tambaye ni daga ina. Na ce Birmingham. Ya ce, “Ai ko uban yarinyar ma a can yake. Ba ka ji abin da ya yi ba?” Ya ba ni labarin tas, har da ƙarin cewa an kwantar da Hajiya a asibiti kuma rufin gidan ya ƙone. Na ce Allah ya kyauta. Ya ce amin, ilimin boko dai ba hankali ba ne, ya tura min sauran wainar.

Na bi layin sati ukun da na yi wa dariya. Mai sharar da ya zo wani magidanci ne fes-fes, ya shimfiɗa zannuwa a falo, ya zura kyamara a bututun ya ce in zo in gani. Wasu tsuntsaye dangin hankaka ne suka shekara uku suna jefa tsinke a ciki har suka gina gida hawa-hawa. Ya dinga haɗa sanduna yana turawa da buroshi a kai, sheƙa na zubowa, sai da ya cika buhu biyu da rabi. Ya hau rufi ya sa wa bakin bututun hular raga. Ya ce itace sai ya shekara ɗaya ko biyu yana bushewa, in na gwara biyu na ji sun yi ƙara to sun yi, in suka yi dum in mayar. Ya ce kafar bangon nan hancin murhun ce, kada a toshe, kuma a kira shi duk shekara kafin sanyi. Ina ta gyaɗa kai, wannan karon da gaske. Da yake rubuta min takardar shaida ya tambayi aikina. Na ce a ofis nake.

A ranar na sayo busasshen itace na kunna. Wuta ta kama lafiya lau, falo ya yi ɗumi har na cire rigar sanyi. Na zauna ni kaɗai ina kallonta, gidan shiru, ga gadon jaririya da na haɗa da hannuna a sama babu kowa a ciki. Abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Saura kwana goma sha biyar a yi arba'in, na ce bari in gwada sa'ata ko a rage min. Na sa takardar a ambulan na hau bas. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Hajiya, na miƙa wa Yaya Nuhu, ya karanta ya fassara mata layi-layi: an share, an gwada, hayaƙi na fita. Tana jijjiga jikarta a cinya tana saurare har ya gama.

“Madalla,” in ji ta. “Nuhu, ce masa ya kyauta. Ya koma ya ci gaba da hura wutar kullum, ya zauna a gabanta shi kaɗai har a yi arba'in. In mun ga ya kai, sai a kawo su.”

Na ce, “To, Hajiya. Na gode.” Kuma haka na yi, kwana goma sha biyar cur, kowace safiya Yaya Nuhu ya kira ya ji ko ina numfashi ya kai rahoto.

Tun daga nan, duk abin da tsohuwa ta faɗa min sau biyu, ko Baturiya ce ko Bakanuwa, rubutawa nake yi. Kuma idan na durƙusa gaida manya, nakan ɗan saci kallon silin tukuna.